Akwatin haɗa ƙwaron kadis mai nutso da na saya a Yorkshire: gashin ya yi, ƙarafan ne da sauran magana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar kamun kifi, musamman ku da kuke zaune a ƙasashen sanyi. Akwatin da zan yi magana a kai na kayan haɗa ƙwaron jabu ne, wato ƙugiyar nan da ake naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a jefa wa kifi ya ɗauka abinci ne ya cafke. Ba tana, ba hanjin kaza, ba guntun tuwo a bakin fatsar, gashi ne kawai da zare. Na saye shi a wani ɗan shagon kayan kamun kifi da ke kwarin kogin Wharfe a arewacin Ingila, kuma ba irin na kamfani ba ne da ake bugowa dubu-dubu, mai shagon ne da kansa ya tattara kayan ya zuba a kwali ya sa kuɗi, bai dai kai fam 100 ba. Sunan shagon zan bar shi tunda ina da ƙorafi a ciki. An haɗa akwatin takanas saboda ƙwaro guda ɗaya, kadis, wanda masu fatsa a Ingila suka fi kira sej, kuma duk abin da ke ciki na haɗa mai nutso ne ba mai yawo a saman ruwa ba. Wanda ke sauri ga hukuncina tun yanzu: gashin da ke ciki ya ci kuɗinsa har da riba, ƙarafan aikin kuwa ka shirya canza biyu ko uku daga ciki.

Kafin in buɗe kwalin dole in yi bayanin ƙwaron, don in ba ka san abin da kake kwaikwayo ba to zaman banza za ka yi a gaban tebur. Kadis kusan duk rayuwarsa a cikin ruwa yake yin ta. In ya girma ya fito za ka ɗauka ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ne, launin ƙasa-ƙasa, da wasu dogayen gashi biyu a ka, in ya sauka sai ya kifa fukafukansa a baya kamar rufin kwano. Masana na kiran danginsu Trichoptera, a duniya an ƙirga sama da iri 14,000, Birtaniya kaɗai tana da wajen 200. Daga ƙwai sai tsutsa, ita kuma tsutsar zaren siliki take fitarwa ta baki tana manna ƙwayoyin yashi ko tsakuwa ko guntayen kara, ta gina ɗan bututu ta shige, kai da ƙafafu kawai ke leƙowa. Wasu ba sa wannan gini, raga suke saƙawa tsakanin duwatsu ruwa na kawo musu abinci, su ne Hydropsyche, wasu kuma kore shar haka suke yawo ba gida suna farautar ƙananan tsutsotsi, su ne Rhyacophila. Ka shiga Wharfe wajen Grassington ko Bolton Abbey ka ɗaga dutse ɗaya ka juya shi, za ka ga bututan a manne jere-jere, ka ɗora ɗaya a tafin hannu ka yi haƙuri kaɗan sai ka ga baƙin kai ya fito yana lalube. Har ma masu sa ido kan lafiyar koguna a nan suna ƙirga su, don ruwan da ya gurɓace yawancin kadis ba sa zama a ciki.

Inda maganarmu take shi ne mataki na gaba. Tsutsar tana toshe bakin bututun ta kwanta na wasu makonni jikinta na canzawa, ranar fitowa sai ta yage gidan ta yi iyo zuwa sama da ƙafafunta, fukafukan na naɗe a gefe ba su buɗe ba, tana isa saman ruwa ta tuɓe fatar ta tashi. To wannan ɗan tsakanin, daga ƙasan kogi zuwa sama, nan ne kifin tirawut yake samun ta a banza, don babban kadis ba ya daɗewa a kan ruwa, fit yake tashi. Sannan matan wasu iri in za su yi ƙwai komawa suke yi cikin ruwa, ko su yi nutso ko su bi jikin dutse su gangara. Shi ya sa za ka ga kogi ya cika da ƙwari a sama, kifi na fantsala ruwa ko'ina, ka jefa mai yawo su ƙi kallonsa, ashe abin da suke ci yana ƙasa da ɗan taƙi ɗaya. Aikin mai nutso ke nan. Shi mai yawo da gashin zakara mai tauri ake yinsa don ya tsaya a sama, shi kuwa mai nutso gashi mai laushi yake so, wanda ruwa zai riƙa buɗe shi yana rufewa kai ka ce ƙafafu ne ke motsi.

To ga abin da na tarar a kwalin. Fatar fakarar Turai guda cif da gashinta, fatar fuskar zomon daji har da kunnuwa, gashin wuyan zakara ja, gashin fiffiken macen fezan (wani tsuntsun daji mai doguwar wutsiya), 'yan tukkun fezan mai ruwan zinariya, gashin zabo da aka rina shuɗi, sai ƙullin gashin murzawa ruwan ɗorawa da kore da ruwan ƙasa, zaren Antron, zare baƙi da ruwan ƙasa mai lamba 8/0, siliki kore da ruwan lemo, siririyar waya ruwan zinariya, zaren ƙyalli, guntun kaki, da ƙugiyoyi lamba 12 da 14 da 16. Ga wanda bai sani ba, lambar ƙugiya in tana hawa ƙugiyar ƙanƙancewa take yi. Ƙarafan kuwa akwai bais mai riƙe ƙugiya, mariƙin bobin, almakashi, ɗan hantsakin kama gashi, allura mai mariƙi da ƙarfen ƙullin ƙarshe. Sai takardar bayani mai shafi huɗu.

Fatar fakarar nan ita ce ran akwatin, kuma saboda ita kaɗai nake cewa a saya. Tsuntsuwar dangi ɗaya suke da fakararmu ta gida, tana dai ɗan fi toka-toka a wuya. Yawancin akwatunan 'yan koyo abin da suke sa maka shi ne ɗan leda cike da fizgaggen gashi, ka zazzage a tebur ka tarar kusan duka manya ne, sun dace da ƙugiya lamba 8 ko 10, na lamba 14 kuwa sai ka tona ka tona ka samu 'yan ƙalilan, sauran asara. Amma in fata ce guda komai na wurinsa yadda Allah ya halitta, can sama wajen wuya ƙanana ne masu ruwan toka da ɗigo-ɗigo baƙi, kana gangarowa suna girma, a gadon baya sun koma ruwan ƙasa da zane mai duhu, kana ganin girman da kake so ka sa yatsa biyu ka cire shi shi kaɗai. Wadda ta zo a nawa akwatin tsaf take, an kankare kitsen, ba ƙarni ba maiƙo a takarda, bakin gashin bai karairaye ba, kuma wuyan cike yake, don wasu masu sayarwa nan ne suke fara fizgewa kafin su sayar. Mutum ɗaya zai yi shekaru yana cira bai ƙarar da ita ba.

Bari in nuna yadda ake haɗa ƙwaro na farko a takardar, wanda ake kira kore da fakara, don a ga dalilin da ya sa nake ta nanata girman gashi. Ka ɗaura ƙugiya lamba 14 a bais, ka goga wa silikin kore kaki, ka fara naɗi kaɗan bayan idon ƙugiya, naɗi na taɓa naɗi, ka tafi baya har daidai saitin tsinin ƙugiyar ka tsaya, kar ka kai lanƙwasa, sannan ka dawo gaba. Jikin ke nan ya ƙare, siriri kuma gajere. Sai ka tsinci ɗan gashin zomo kaɗan, wallahi kaɗan ɗin gaske, ka murza a zaren ka yi naɗi biyu ya zama ɗan ƙirji. Yanzu ka ciro gashin fakara wanda tsawon silinsa zai kai lanƙwasar ƙugiya ko ya wuce kaɗan, ka cire lallausan furfurar da ke gindi, ka kama ƙarshen bakinsa da hantsaki ka shafe sauran silin baya, sai ɗan tsinin ya rage shi kaɗai, shi za ka ɗaure a jikin ƙugiya. Ni nakan zare silin gefe ɗaya gaba ɗaya in yar. Ka kama gindin ka zagaya sau ɗaya da rabi, kana yi kana shafe silin baya da yatsa, ka danne da zare sau biyu, ka yanke, ka yi ɗan kai ƙarami ka ƙulle. In ka ɗaga shi wajen haske ya kamata ka iya ƙirga silin ɗaya bayan ɗaya. In sun yi cunkus ya zama tsintsiya, a ruwa mannewa za su yi wuri guda ba motsi. Idon ɗan koyo kullum ce masa yake ƙara, gashin nan ya yi kaɗan, to kar ya ƙara.

Wannan salon ba sabo ba ne, nan yankin ne ma gidansa. Mutanen Wharfe da Ure da Nidd da Aire sun daɗe suna haɗa irin waɗannan sirara, tun 1885 T. E. Pritt ya tattara su a littafi, kuma har yau lemo da fakara, wato irin wannan da silikin ruwan lemo, na cikin akwatin kusan kowane dattijo da za ka gamu da shi a bakin kogi. Silikin da aka san su da shi na Pearsall's ne, an daina yinsa, wanda ke cikin akwatin nan wani ne daban amma ya yi aiki. Abu ɗaya da za a lura, siliki in ya sha kaki ya jiƙe duhu yake ƙarawa, koren nan mai haske a bobin komawa yake ruwan ganyen zaitun a cikin ruwa, saboda haka ka tsoma wanda ka haɗa a kofi ka ga ainihin launinsa kafin ka yanke hukunci.

Fuskar zomon ita ma ta burge ni. Mutane na raina ta don ba ta da kyan gani, amma launi wajen biyar ne a jikinta, kumatu fari-fari mai laushi, goshi ja-ja, gindin kunne baƙi-baƙi mai tsini. In ka yanko na gindin kunne ka cakuɗa da na kumatu a tafin hannu, ka murza a zare ka naɗa jiki mai ɗan kauri, ka bi shi da waya zagaye huɗu ko biyar don haƙorin kifi kar ya warware shi, ka sa gashin fakara na baya mai ruwan ƙasa, ka rufe da baƙin gashin kunne a kai, to ka samu kadis mai tasowa wanda zai yi maka aiki daga Mayu har ƙarshen Satumba. In ka gama ka sa guntun abin mannewar nan na takalmin yara ka karce jikin ya tashi buzu-buzu. Gashin da ya tashi yana riƙe 'yan ƙananan kumfar iska, kuma nan ne zaren Antron ya shigo. Wani Ba'amurke Gary LaFontaine, wanda ya fitar da littafinsa kan kadis a 1981, ya riƙa nutsewa da kayan iyo yana kallon ƙwarin daga ƙasa, ya ce jikinsu na ƙyalli in suna tasowa, shi ne ya ɗauko wannan zare da asalinsa na kafet ne ya lulluɓe jikin ƙugiya da shi. Akwai masu musu kan bayanin nasa, amma ƙwaron nasa na kama kifi. Ni dai yanka shi nake ƙanana in zuba kaɗan a cikin gashin zomo, ya fi min sauƙi kuma a ruwan Wharfe mai ɗan ja-ja bayan an yi ruwan sama ina ganin amfaninsa.

Na uku a takardar shi ne Invicta, tsohon ƙwaro ne na James Ogden mutumin Cheltenham tun ƙarni na 19, kuma shi ne mai wuyar. Wutsiya tukkun fezan mai ruwan zinariya, jiki ruwan ɗorawa, a zagaye jikin da gashin zakara ja daga gaba zuwa baya, a danne shi da zaren ƙyalli, a sa ɗan shuɗi a maƙogwaro, a rufe da fiffike na gashin macen fezan. Asalin shuɗin na wani tsuntsun dajin Turai ne da ake kira je, gashinsa gajere mai taurin kara da wahalar sarrafawa, shi ne mai shagon ya sa rinannen gashin zabo a madadinsa, wanda dama haka mutane da yawa ke yi. Gaskiya na ji daɗi da na ga ɗigon zabon nan a ƙarƙashin shuɗin, tsuntsun da muka taso muna ci da ƙwansa ga shi yana aiki a kogin Turawa, kuma ya fi na asalin sauƙin ɗaurawa nesa ba kusa ba.

A nan ne kuma ƙorafina na farko yake. Fiffiken Invicta yanki biyu ake yi, ɗaya daga gashin dama ɗaya daga na hagu, a haɗa su ciki na kallon ciki su daidaita. Gashin fezan da aka sa min duk na ɓangare ɗaya ne, duk yadda ka yi fiffiken karkacewa zai yi, ƙwaron kuma ya riƙa juyi a ruwa yana murɗe maka zaren gaba, wato siririn zaren ƙarshen fatsa da ake ɗaura ƙwaron a kai. Ɗan koyo ba zai gane daga ina matsalar take ba, zai ɗauka hannunsa ne ya yi ta wahala. Da na koma shagon mutumin bai yi gardama ba, ya buɗe aljihun tebur ya zaɓo min dama da hagu masu tsawo ɗaya ya ce in riƙe na farkon ma, na yaba da hakan, amma wanda ya saya ta waya daga nesa fa? Takardar bayanin ita ma a daidai wannan wuri ta gaza, hotunan ƙanana ne masu duhu, kuma daga hoton jiki sai ka ga hoton ƙwaro gamamme, an tsallake yadda ake ɗora fiffike alhali shi ne abin da ke kayar da kowa. Yadda ake yi shi ne ka matse yankin biyu tsakanin babban yatsa da manuni a saman ƙugiya, ka ɗago zare ka shigar da shi tsakanin yatsun ka riƙe shi a sake, ka saukar ta ɗaya gefen, sannan ka ja ƙasa a miƙe a hankali ba tare da ka saki yatsun ba, ka sake sau biyu kafin ka buɗe hannu ka duba. Layi uku ne da sun rubuta da sun huta.

Ƙarafan kuwa, to araha ba ta ado. Bais ɗin yana riƙe lamba 12 lafiya, amma da ka sa lamba 16 ka ɗan ja zare sai ƙugiyar ta sunkuya, ka ƙara matsewa ta zame gefe, kuma abin da ake ɗaure shi da shi a tebur bakinsa bai buɗewa sosai, tebur mai kauri ba zai shiga ba. Mariƙin bobin bututunsa ƙarfe ne, bakin bai sha goga ba, yana cin zare a hankali sai kana tsakiyar naɗi ya tsinke, siliki ma ya fi shan wahala a wurinsa. Wannan ka canza shi ranar farko, ka nemi mai bakin tangaran, ba shi da tsada. Almakashin yana yanka amma bakinsa ba siriri ba ne, ba ya shiga kusa da idon ƙugiya, sai ka bar guntun gashi yana toshe kafar da za ka zura zare a bakin kogi da yamma ido na ƙyar. Hantsakin da allurar da ƙarfen ƙulli ba yabo ba fallasa. Ƙugiyoyin suna da ƙarfi da kaifi, sai dai masu ƙaya ne, alhali wurare da yawa a nan dokarsu a kama a saki da ƙugiya marar ƙaya. Ka matse ƙayar a bakin bais kafin ka fara naɗi, don in za ta karye gara ta karye tun ba ka ɓata gashi ba. Da suka ƙare na koma ƙugiyar Kamasan B175 saboda nauyinta na saurin kai ƙwaro ƙasa, da B170 in ina so ya tsaya kusa da sama.

Abin da ya rage min zafin ƙarafan shi ne duk wanda ya sayi akwatin yana da damar zama a teburin bayan shago da yammacin rana ɗaya a mako lokacin sanyi, kyauta, mai shagon na haɗawa ana kallo. Dattijo ne ba mai yawan magana ba, zai karɓi wanda ka haɗa ya juya shi a haske, ya sa farce ya fizge rabin gashin ya miƙo maka, ya ce yanzu ya zama abinci. Gani ya kori ji, abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne ƙarfin jan zare, yadda ake jan shi har dab da tsinkewa ba tare da ya tsinke ba, wannan sai ka ga hannun mutum kusa. Ni kaɗai ne baƙar fata a wurin kuma ba wanda ya nuna min wani bambanci, shayi suke sha ana hirar ruwa.

A kogi fa? Lokacin tirawut a kogunan Yorkshire daga 25 ga Maris ne zuwa 30 ga Satumba, kuma kadis na farko da ke fitowa da yawa shi ne giranom a watan Afrilu, ƙarami ne, tsutsarsa bututu mai kusurwa huɗu take ginawa, macen kuma tana ɗauke da ɗan dunƙulen ƙwai kore a gindi. Da hantsi zuwa azahar suke tasowa, in ranar ta yi kyau kamar da bakin ƙwarya. 'Yan uwansu ne ke fitowa a kogin Yellowstone na Amurka wajen farkon Mayu, ku na can ku lura. A irin wannan rana kore da fakara ba a magana. Uku nake ɗaurawa a zaren gaba, na zomo a ƙarshe don ya fi nauyi, kore a reshen tsakiya, lemo a na sama, sanda mai ƙafa 10, in jefa a ƙetare ɗan sama kaɗan in bar ruwa ya tafi da su, in sun zo ƙasa da ni zaren ya fara miƙewa sai su taso sama da kansu, to daidai nan kifi ke bugowa don abin da ƙwaron gaske ke yi ke nan. Kar ka fizga, ɗaga sanda kawai, in ka fizga ko zare ya tsinke ko ka zare ƙugiya daga bakinsa. Invicta kuwa na yamma ne a Yuni da Yuli, lokacin da manyan masu ruwan kirfa ke fitowa dab da duhu, kuma a tafki ma yana yi sosai. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen tara da minti arba'in na dare, kuma daidai magariba ne kifin ke tashi, saboda haka nakan zo da alwala da 'yar darduma in yi salla a bakin ruwa in koma in ƙarasa da sauran haske. Abin da na lura a tsakanin nawa, waɗanda suka fi kama kifi su ne sirara, kuma ƙwaron da kifi ya riga ya tattauna ya yamutse ya fi sabo farin jini.

Wani zai ce me ya sa ba za a sayi haɗaɗɗe ba kawai. Ana iya saya, da yawa daga waɗanda ke shagunan Turai ma a Kenya ake haɗa su da hannu, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Amma na sayarwa yawanci gashinsa yana yawa, don cikakke shi ke jan idon mai saye, kuma ba za ka samu launin da ya dace da abin da ka gani ƙarƙashin dutsen kogin da kake zuwa ba. Maganar tsimi kuwa kar in yaudare ku, in har abin ya shiga ranka sayen gashi ba ya ƙarewa. Kuma kar a manta da lasisi, a Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin Environment Agency, hukumar kula da muhalli, zai jefa fatsa, sannan shi kogin yana da masu shi, sai ka sayi tikitin yini ko ka shiga ƙungiya.

Na gaya wa mai shagon ya raba akwatin biyu, gashi daban ƙarafa daban, don wanda ke da bais ɗinsa bai kamata ya biya kuɗin wanda ba zai yi amfani da shi ba, ya ce zai duba. Wanda ke Amurka ko Kanada ko Jamus da ba zai iya zuwa nan ba, ya shiga shagon da ke kusa da shi ya nemi fatar fakara guda, fuskar zomo guda, siliki kore da na lemo, waya da ƙugiya lamba 14, ya sa ragowar kuɗin a bais mai kyau, Invicta ya jira sai hannu ya faɗa. In za ka sayi fatar ka buɗe ledar ka duba wuyan da idonka, ka shinshina, ka busa gashin ka ga ko akwai ƙwari a gindi. In ka kai gida ka sa ta a firiza na kwanaki, ka fitar ta huce ka sake mayarwa don ƙwan da ya rage ya mutu, sannan ka ajiye kowace fata a ledarta mai zif ita kaɗai, don asu in ya shiga ɗaya sai ya bi sauran duka.